Ruwa ya ci allon jifsam: a busar, a yanke, ko a sauke duka?

Daga Yuli zuwa Satumba ake gane ginin da aka yi da gaskiya a Abuja. Silin da ya yi fes duk tsawon rani sai a wayi gari ya fito da tabo ruwan ƙasa a kusurwa, fatishin ofis, wato bangon allo da ya raba ɗakuna, ya kumbura daga gindi, fenti yana ɓarewa. Wannan na masu yoyo ke nan. Na masu ambaliya ya fi haka. Waɗanda suka ga abin da ruwa ya yi a rukunin gidajen Trademore da ke Lugbe a watan Yunin 2023, ko abin da yake yi a wasu sassan Lokogoma idan aka kwana ana tafka shi, sun san ruwa kan shiga falo ya zauna, in ya janye ya bar layinsa a bango.

Bangon bulo da filasta yana jure wannan: ya jiƙe, ya bushe, a kankare a sake fenti. Allon jifsam ne ba ya jurewa, kuma shi ya cika gari yanzu. Da shi ake yanka manyan ɗakunan filaza a Wuse da Garki da Utako a mayar da su ofisoshi, da shi ake silin sababbin gidaje, da shi ake adon bangon talabijin. Idan ruwa ya taɓa shi, hanya uku ce a gabanka. Ko ka busar da shi a inda yake, ko ka yanke inda ya jiƙe ka bar sauran, ko ka sauke shi gaba ɗaya. Yawancin mutane suna zaɓa ne bisa yadda allon ya bayyana a ido, alhali fuskar da ido ke gani ita ce ta fi saurin bushewa, ita ce kuma ta fi yaudara.

Allon ba komai ba ne illa farar ƙasar jifsam da aka danne tsakanin takarda biyu masu kauri. Ƙarfinsa yana ga takardar. Da ruwa ya shiga, cikin ya yi laushi, takardar ta saki, kusoshin da suka riƙe shi a jikin ƙarfe ko katako su rasa abin kamawa. Sannan allon yana tsotsar ruwa ya haura da shi sama, shi ya sa idan ruwa ya tsaya a santimita 10 a ɗaki, danshin da ke cikin allon ya wuce nan da nisa. Abu na uku shi ne fumfuna. Takarda abincinta ce, kuma a wuri mai ɗumi da laima tana iya fara tsirowa cikin awa 24 zuwa 48. Wannan adadin ne hukumar kare muhalli ta Amurka take ba masu gidaje a matsayin wa'adin busar da kayan da suka jiƙe, kuma ɗuminmu bai fi nasu sauƙi ba.

Don haka kafin a taɓa allon akwai tambaya biyu: wane irin ruwa ne, kuma tun yaushe?

Masu aikin gyaran gini bayan ɓarnar ruwa sun kasa ruwa uku. Akwai mai tsabta, kamar na bututun famfo da ya fashe, ko tankin sama da ya cika ya tumbatsa, ko na bututun esi da ya toshe. Akwai mai ɗan datti, kamar na injin wanki ko na wanka. Akwai kuma baƙin ruwa, wato na masai da sokawe, da duk ruwan ambaliya da ya biyo ƙasa ya shigo gida. Na ƙarshen nan ko ya yi garai-garai a ido, ya ratsa kwata da bola da sokawen maƙwabta kafin ya iso falonka. Allon da ya sha shi ba a tattauna batun busar da shi, domin ba a wanke cikin takarda da farar ƙasa. Ruwa mai tsabta ma idan ya kwana biyu uku a cikin bango ya tashi daga mai tsabta.

Busarwa a inda yake

Wannan ce hanyar da kowa yake so, saboda babu ƙura, babu ma'aikata a gida, babu sayen allo. Tana aiki, amma da sharuɗɗa, kuma sai sun cika duka: ruwan mai tsabta ne, an gano shi a rana ɗaya ko biyu, an tsayar da yoyon, allon bai kumbura ko ya lotsa ba, kuma babu audugar gilashi a bayansa. Irin audugar nan da ake cusawa a fatishin ofis don tare ƙara, idan ta jiƙe tana riƙe ruwa kwanaki, ta riƙa shayar da allon ta baya kana busar da shi ta gaba.

Gwajin farko da hannu ake yi. Danna wurin da babban yatsa, sannan ka ɗauki sukundireba ka ɗan tura bakinta. Lafiyayyen allo zai ƙi, sai dai ya bar ɗan tabo. Wanda ya mutu za ka ji ta nutse ba gardama, ta fito da farin abu mai danƙo a baki. Duba kan kusoshi ma: idan sun fara leƙowa ta cikin fenti, ko tsatsa ta zana musu da'ira, ruwa ya daɗe a wurin.

Idan ya tsallake gwajin, a cire sikatin, wato zanen tayil ko katako da ke bin gindin bango, a huda ƙananan ramuka a ƙasan allon a inda sikatin zai rufe daga baya, a saita fanka tana hura cikin. A nan ne lissafin Abuja ya bambanta da abin da mutum zai gani a bidiyon Turawa. A watan Agusta iskar waje kanta a jiƙe take, buɗe taga ba ya busar da komai sosai. Abin da ke jan danshi daga ɗaki shi ne na'urar tsotse laima, ko esi idan an rufe ƙofa da taga, kuma ana so su yi kwanaki suna aiki ba yankewa. Wanda ke unguwar da wuta ke zuwa tana tafiya, sai ya zauna ya lissafa man janareta na waɗannan kwanaki, ya kwatanta da kuɗin allo ɗaya ko biyu. Sau da yawa hanyar da ake ɗauka ita ce mai araha ita ce mai tsadar. A hunturu kuwa labari ya canja, iska kaɗai ta isa ta yi rabin aikin, sai dai a lokacin yoyon famfo ne kawai ke damun mutane.

Yaya za a san ya bushe? Taɓawa da tafin hannu ba hujja ba ce, musamman idan fentin mai sheƙi ne, wanda ke rufe danshi a ciki. Akwai ƙaramar na'urar auna danshi mai allura biyu. A caka ta a allon jifsam na wani ɗaki da ruwa bai taɓa ba, a riƙe lambar, sannan a caka a wurin da ya jiƙe. Sai lambobin sun zo daidai ko kusa ake maganar fenti.

Akwai abin da ake kira busarwa alhali ba ita ba ce. Mai fenti zai zo ya dubi tabon ya ce, "Yallaɓai, wannan ai ba komai, mu shafa sikiridin mu buga fenti hannu biyu, ba wanda zai gane." Gaskiya ya faɗa, ba wanda zai gane, har tsawon 'yan makonni. Bayan nan tabon ya dawo, ɗaki ya fara warin rumar da turaren wuta ba ya kashewa, yaro mai asma ya fara tari da dare. Kitso ne a kan kwarkwata.

Yanke ƙasan bango

A ganina wannan ce hanyar da ta dace da mafi yawan fatishin da ruwa ya shiga ta ƙasa, kuma ita ce mutane suka fi tsallakewa, ko don suna ganin kamar ɓarna ce a yanka bangon da ke tsaye. Ba ɓarna ba ce. Allon shi ne abu mafi araha a bangon. Ƙarfen ciki da wayarin da fenti da kuɗin aiki su ne kuɗin, kuma yankan yana ceton mafi yawansu.

Ƙa'idar ita ce a yanka aƙalla santimita 30 sama da inda danshi ya tsaya, ba inda layin ruwa ya tsaya ba. Amma masu aikin da suka san kan abin ba sa yanka yadda suka ga dama. Allon da ke kasuwa faɗinsa santimita 120 ne, tsawonsa 240. Idan aka yanka bango a tsayin santimita 60, allo ɗaya da aka tsaga biyu a tsaye zai rufe mita 4.8 na tsawon bango. Idan aka yanka a 120, allo ɗaya a kwance zai rufe mita 2.4 ba tare da an yanka shi ba. Wanda ya yanka a 45 zai tara guntaye da ba su da amfani, ya kuma ƙara wa kansa aikin haɗi. To idan ruwan bai wuce idon sawu ba, 60 ta isa. Idan ya kai gwiwa ko ya kwana a ɗakin, a tafi 120, kada a yi rowa. A ƙara santimita ɗaya a kan ma'aunin, domin sabon allon ba a so ya zauna a kan tayil. Ana ɗaga shi kaɗan don gobe ko ruwan mofa kada ya samu hanyar hawa, sikatin kuma zai rufe tazarar.

Kafin wuƙa ta taɓa bango a kashe wuta daga babban makunni. Kada a ce ai an ɗauke wuta. Za su iya kawowa kana tsakiyar yanka, kuma gidaje da yawa yanzu akwai inbata da ke ci gaba da ba soket wuta shiru. A kashe duka, a gwada soket ɗin da testa. Soket ɗin da ruwa ya rufe kuma aikin mai gyaran wuta ne, a canja shi.

A ja layi da lebur, a bi shi da wuƙar yankan kwali mai kaifi, sau biyu ko uku har ta ratsa. Kaurin allon bango yawanci milimita 12 ne, don haka babu dalilin tura dogon zarto ciki, inda waya da bututu ke bi. Injin yankan tayil da wasu ke ɗaukowa don sauri yana cika gida da ƙura, ya watsa ƙwayoyin fumfuna ko'ina, kuma ba ya jin ya taɓa waya sai bayan ya yanke ta. A sa safar hannu da tabarau da takunkumin N95, ba na kyalle ba. A rufe ƙofar sauran ɗakuna, a kashe esi da fankar sama yayin yankan. Guntayen su shiga buhu ko baƙar leda mai kauri tun a ɗakin, a ɗaure, kada a bi ta falo da su a buɗe, kada kuma a zuba su a kwata.

Lokacin da guntun farko ya fito, juya shi ka dubi bayansa. Nan ne gaskiyar take. Gaban na iya zama fari tas, bayan kuwa takarda ta yi toka-toka da ɗige-ɗige baƙi da kore, wani wurin har da gashi-gashi. Sannan ka haska tocila ƙasa. Ƙarfen da fatishin ke zaune a kai kwarya ce mai baki a sama, kuma ba abin mamaki ba ne a tarar da ruwa kwance a cikinta da laka, kwanaki bayan an goge tayil ya bushe. Babu fankar da za ta kai wurin nan in ba a buɗe ba. Idan ɗige-ɗigen sun kai bakin inda aka yanka, ba a gama ba, a ƙara hawa. Kuma fatishin fuska biyu gare shi: idan ruwa ya shiga ɗakunan biyu, duka fuskokin ake yankewa.

A fitar da audugar da ta jiƙe, a kwashe lakar, a wanke ƙarfen da ruwa da omo. Idan ruwan ambaliya ne a bi da ruwan bilic, kamar kofi ɗaya a lita huɗu na ruwa, taga a buɗe. Kada a haɗa bilic da ruwan wanke masai ko wani sinadari don a ƙara masa ƙarfi, iskar da ke tashi daga haɗin tana iya kwantar da mutum. Ƙarfe yana bushewa da wuri, abin dubawa a jikinsa tsatsa ce. Katako kuwa yana ɗaukar lokaci, kuma katakon da aka rufe da danshi gayyatar gara ce da ruɓa.

Daga nan sai a bar bangon a buɗe. Wannan shi ne wurin da ake samun saɓani da ma'aikata, domin su sun fi son su yanka da safe, su rufe da yamma, a sallame su. Mai gida ma ba ya son baƙi su shigo su ga haƙarƙarin bangonsa a waje. A daure. A raba aikin biyu tun wurin ciniki, kuɗin cirewa daban, kuɗin mayarwa daban, da kwanaki a tsakani. Rufe bango a kan danshi ya mayar da kai inda ka fito, ga kuma kuɗin sabon allo ya tafi.

Raunin wannan hanya shi ne haɗin. Layin da tsohon allo ya haɗu da sabo, idan ba a sa masa tef da fila a hannu biyu ko uku an goge ba, zai fito a fenti, musamman da hasken yamma ya bugi bangon ta gefe. Sai an samu mai hannu.

Sauke duka, da batun silin

Sauke bango gaba ɗaya ba ya buƙatar dogon bayani. Idan ruwan daga sama ya gangaro ta cikin bangon, ko ambaliya ta wuce ƙugu, ko an bar gidan a rufe makonni, ko fumfuna ta bazu a bayan allon har sama, faci ɓata lokaci ne. Haka idan wurin da fumfuna ta kama ya wuce kamar murabba'in mita ɗaya, ya fi ƙarfin aikin mai gida da yaronsa. A nemo waɗanda suka san aikin, a kuma kwashe jarirai da tsofaffi da masu ciwon ƙirji daga gidan har a gama.

Silin ne yake da nasa hukuncin, saboda shi a kan mutane yake. Allo ɗaya mai kaurin milimita 12 ya haura kilo 20 a bushe, kowace lita ta ruwa da ta taru a kansa kuma kilo ɗaya ce. Idan ka ga silin ya yi ciki, fenti ya yi jaka yana reto, a fara fitar da mutane da kaya, a kashe wuta, a ajiye bokiti, a huda tsakiyar cikin da sukundireba daga gefe, ba daga ƙarƙashinsa ba, ruwan ya sauka. Allon da ya lotsa ba ya komawa daidai ko ya bushe, kuma kusoshinsa sun riga sun saki. A yanke shi har zuwa ƙarfe ko katakon da ke kusa a kowane gefe, don sabon ya samu abin kamawa. Tabo kawai ba lotsawa, daga ruwa mai tsabta, shi ne za a iya busarwa, a shafa fentin share fage mai toshe tabo kafin na gaske, in ba haka ba tabon zai ci gaba da ɓullowa.

Mutane suna kiran kowane farin silin POP, amma iri biyu ne, na allon jifsam da na filastar zubi, kuma ruwa ba ya yi musu ɓarna iri ɗaya. POP na zubi ba shi da takarda, don haka fumfuna ba ta samun abinci a jikinsa kamar a allon jifsam, kuma ƙaramin yoyo yakan bar shi da tabo ne kawai. Haɗarinsa a sama yake, inda aka rataye shi da zaren filas da aka tsoma a kwaɓin POP aka ɗaure a katako. Yoyon da ya daɗe yana raunana ɗaurin ya ruɓar da katakon, daga ƙasa ba a ganin komai sai ɗan siririn tsagu, ran da zai sauko kuma da nauyinsa yake saukowa. Kafin a yanke hukunci a kan irin wannan silin, wani ya leƙa ta ƙofar silin da tocila ya duba ɗaurin, ba tare da ya taka shi ba.

Tsofaffin gidaje kuma, irin kwatas-kwatas na farkon gina birnin, wasunsu silin asbestos ne. Shi ba a fasa shi, ba a yanka shi da inji, ba a goge shi da sanfefa, domin ƙurarsa tana jawo mummunan ciwon huhu da sankara bayan shekaru. Duk abin da aka faɗa a sama game da wuƙa da yanka bai shafe shi ba.

Me za a mayar?

Allon jifsam na gama-gari ya isa idan yoyon tsautsayi ne na sau ɗaya kuma an gyara. Mai koren takarda yana jure laima, ya dace da kicin da kusa da banɗaki, amma kada mai shago ya ce maka ruwa ba ya cinsa. Idan ya nutse a ambaliya shi ma fita zai yi. Allon siminti, irin su Kalsi na kamfanin Nigerite, ya fi nauyi, ya fi wuyar yanka, haɗinsa kuma yana son kulawa, amma ba shi da takarda, ruwa ba ya narkar da shi. Ga wanda gidansa ke kwari ko kusa da rafi, inda ya san ruwan zai dawo baɗi, ni shi zan sa a santimita 120 na ƙasa, in bar jifsam a sama, in kuma ɗaga soket. In da hali ma a ɗora bulo a ƙasan a huta. Silin roba na PVC ruwa ba ya lalata shi, shi ya sa masu gidajen haya ke sonsa, sai dai yana ɓoye yoyo: ba tabo, ba alama, katakon rufi na ruɓewa a sama. Idan za ka kasuwar Dei-Dei sayen allo a damina, duba gefunansa da na ƙasan tulin, domin wani allon tun a shago ya sha laima.

Ɗan haya kada ya yanka komai sai ya ɗauki hoto da bidiyo, da layin ruwan da inda yake ɗiga, ya tura wa mai gida ko ejan a rubuce. Ranar tashi daga gida, waɗannan hotunan ne za su raba gardama a kan kuɗin ajiya.

Kowace hanya aka bi, tushen ruwan ake fara kashewa. A gidajen Abuja masu ɓoyayyen rufi, yawanci laifin na kwatar siminti ce da ke bayan katangar rufin, wadda ganye da leda ke toshe wa indararo ruwa ya taru ya koma ciki. Sai bututun esi, sai hitar banɗaki da ke cikin silin, sai banɗakin bene da tayil ɗinsa ke zubarwa. Idan rufi ne aka gyara, kada a mayar da silin a ranar don mai gyaran ya ce ya gama. A bar ramin a buɗe, a shimfiɗa kwali a ƙasansa, a jira a yi ruwa mai ƙarfi da iska sau biyu. Idan kwalin ya kwana a bushe duka biyun, a kira mai allo.